Wane Suwahili ya kamata in koya kafin in shiga Serengeti da Masai Mara?

Matafiyi ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar malamai da 'yan'uwa waɗanda suka san harshen Suwahili, ko suka taɓa zama a Gabashin Afirka har suka saba da mutanen can. Ni da iyalina muna shirin tafiya yawon buɗe ido a cikin watan Agusta, in Allah ya kai mu, inda za mu tashi daga Arusha a arewacin Tanzaniya, mu bi ta gandun dajin Tarangire da kwarin Ngorongoro da Serengeti, sannan mu tsallaka Kenya mu ƙarasa a Masai Mara, da fatan mu dace da lokacin da garkunan namun daji suke ƙetare kogin Mara.

Kamfanin da ya shirya mana tafiyar ya tabbatar mini cewa direban da zai yi mana jagora yana jin Turanci sosai, saboda haka ba tsoron rashin fahimtar juna ne ya kawo ni ba. Abin da ke raina shi ne, ba na son in shafe kwanaki a mota ɗaya da mutum, yana nuna mini dukiyar ƙasarsa daga safe har yamma, ba tare da na iya yi masa ko da sannu da harshensa ba, alhali ni ma ɗan Afirka ne kamarsa. Na riga na fara haddace sunayen dabbobi, na san simba shi ne zaki, twiga raƙumin dawa, kiboko kuma dorina, amma na fara rikicewa, domin a wani wuri na ga an kira giwa tembo, a wani wurin kuma ndovu, haka nan ɓauna na ga an ce mata nyati, an kuma ce mata mbogo. Wanne ne daidai a ciki? Shin sunayen dabbobin ma sun wadatar, ko akwai abin da ya fi su muhimmanci da ya kamata in sa a gaba a cikin 'yan watannin da suka rage mini? Kuma a wajen furuci, ina ne Bahaushe ya fi tuntuɓe? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Matafiyi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Niyyarka ta burge ni, kuma shawarata ta farko ita ce ka juya jerin naka, abin da ka sa a gaba ya koma baya. Sunayen dabbobi su ne mafi sauƙi a cikin abin da za ka koya, domin jagoranka zai riƙa maimaita maka su a kullum, dabbar kuma tana tsaye a gabanka, ba yadda za a yi sunanta ya ƙi zama maka. Abin da ba za a koya maka a cikin mota ba shi ne gaisuwa, kuma da ita ce za a auna ka tun daga filin jirgi.

Masu jin Suwahili, musamman mutanen Tanzaniya da na bakin teku, ba sa faɗa wa mutum da buƙata kafin su gaisa, kuma wanda ya yi haka ana ganinsa maras tarbiyya ko da ba a faɗa masa ba. Idan ka tari mutum ɗaya sai ka ce "hujambo", shi kuma ya amsa da "sijambo". Idan suna da yawa ka ce "hamjambo", su ce "hatujambo". Daga nan sai tambayar lafiya, wadda ake ginawa a kan kalmar habari, wato labari: "habari za asubuhi" da safe, "habari za kazi" ga mai aiki, "habari za nyumbani" idan kana tambayar mutanen gida, amsar kuwa "nzuri" ce ko "salama". Wanda ya girme ka a shekaru ana gaishe shi da "shikamoo", shi kuma ya ce "marahaba", kuma wannan ita ce gaisuwar da na fi son ka koya wa yaranka tun yanzu, domin babu abin da ke buɗe zuciyar dattijo a can kamar ya ji ta daga bakin yaron baƙo. Akwai kuma "pole", wadda take yin aikin da sannu take yi a wurinmu, a jaje da a tausayawa da a yaba wahala: "pole na kazi" sannu da aiki ke nan, "pole na safari" sannu da hanya, wanda aka gaya wa kuma ya ce "asante", wato na gode. Direban da ya wuni yana fama da ƙura da gargada, ranar da ka sauka daga mota ka ce masa "pole na kazi", za ka ga bambanci a fuskarsa washegari. A ƙofar ɗaki ko tanti ana cewa "hodi", na ciki ya ce "karibu", wato shigo. A tsakanin Musulmi kuwa sallamar da ka sani ita ce dai ake yi.

Bahaushe yana shiga wannan harshe da jari a hannu, kuma ina son ka san da haka don kada ka karaya. Suwahili ɗan gidan harsunan Bantu ne a tsarinsa, amma ya girma a bakin tekun Indiya, a garuruwa irin su Lamu da Mombasa da Kilwa da Zanzibar, inda cinikayya da Musulunci suka cusa masa kalmomin Larabci masu ɗimbin yawa, har ma da ajami aka daɗe ana rubuta shi kafin zuwan boko. Daidaitaccen Suwahilin da ake koyarwa a makarantu an gina shi ne a kan karin harshen birnin Zanzibar, bayan kwamitin harshe da aka kafa a 1930. Saboda wannan tushe na Larabci, za ka ji alfajiri da asubuhi da adhuhuri da alasiri da magharibi, ka gane su ba tare da an fassara maka ba. Za ka ji hatari, wato haɗari, da sababu da dunia da sabuni da lazima. A lissafi ma, daga ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini har tisini, duk abin da ka sani ne da ɗan sauyin lafazi, haka nan Alhamisi da Ijumaa. Daga ɗaya zuwa goma ne kawai za ka zauna ka haddace: moja, mbili, tatu, nne, tano, sita, saba, nane, tisa, kumi.

Sai dai wannan kamanni yana da tarko, domin akwai kalmomin da kunnenka zai ɗauka ya san su alhali ma'anarsu daban ce. Gari a Suwahili mota ce. Babu kakanka ne namiji, kuma ana kiran kowane tsoho da ita don girmamawa, kamar yadda ake cewa mzee. Kaka yayanka ne namiji, kuma da ita za ka iya kiran direbanka in sa'anka ne, dada kuma ga mace. Daraja a bakin direba gada ce ta kan kogi. Kuku kaza ce. Kura kuwa ƙuri'ar zaɓe ce, dabbar da muke kira kura sunanta fisi.

A furuci, sauƙin da za ka samu shi ne Suwahili ba shi da karin sauti irin namu, wasulansa biyar ne, kuma ƙarfin murya kusan kullum yana sauka ne a gaɓar da ke kafin ta ƙarshe: a ki-FA-ru, a ki-BO-ko, a a-SAN-te. Inda aka rubuta ch, c ɗinmu ce. Su th da dh da gh kuwa, duk wanda ya yi karatun allo ya san su. Inda Bahaushe ya fi tuntuɓe shi ne tsakanin p da f, domin mu ba mu raba su, su kuwa suna rabawa har ma'ana ta sauya: "tumefika" mun iso ke nan, "tumepika" kuma mun dafa. Ka riƙa haɗa leɓɓanka sosai a pole da pofu da punda, ka kuma ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a fisi da kifaru da kuvuka. Sai harafin m da n a farkon kalma, kamar a mtoto da mbwa da ndege, kada ka cusa musu wasali a gaba ko a baya.

Abu na ƙarshe da zan ce ka ba lokaci shi ne ginin aikatau, domin da shi za ka fita daga jera sunaye ka shiga magana. Ana liƙa wakilin suna da alamar lokaci a gaban aikatau, tsarin da bai yi nisa da namu na ina da kana da yana ba. Wakilan su ne ni, u, a, tu, m, wa, wato ni, kai ko ke, shi ko ita, mu, ku, su, alamomin lokaci kuma na ga abin da ake ciki, li ga wanda ya wuce, ta ga mai zuwa, me ga wanda aka kammala. Da wannan kaɗai za ka iya cewa "ninaona", ina gani, "tuliona", mun gani, "tutaona", za mu gani, ka kuma fahimci jagoranka idan ya ce "simba analala", zaki yana barci, ko "wanavuka", suna ƙetarewa.

Mai Nazarin Dawa ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da duk abin da ka faɗa a kan gaisuwa, amma ina neman izini in ɗan kare sunayen dabbobin, domin a ganina ba su da sauƙi kamar yadda ake zato da zarar an wuce fitattun nan. Kowa yana iya riƙe simba da twiga. Wahalar tana cikin dangin barewa da tsuntsaye da ƙananan dabbobi, waɗanda su ne mafi yawan abin da ido zai gani a dawa, kuma matafiyin da bai san su ba yakan wuni yana jiran zaki, dajin duka yana wuce shi.

Ɗan'uwa, game da tambayarka, tembo da ndovu duk daidai ne, sai dai tembo ta fi yawo a bakin mutanen Tanzaniya, ndovu kuma ta fi fitowa a Kenya da kuma a rubuce. Nyati da mbogo ma duk ɓauna ce, nyati ce dai aka fi ji. Akwai hanya mai daɗi ta haddace manyan biyar ɗin nan da ake yawan ambata, wato zaki da damisa da giwa da ɓauna da karkanda, sunan da ya samo asali daga maharban da, waɗanda suka ware su a matsayin mafi haɗarin farauta da ƙafa, tun kafin Kenya ta haramta farautar namun daji a 1977. Takardun kuɗin Kenya da aka fitar a 2019 kowace tana ɗauke da ɗaya daga cikinsu: shilin 50 nyati, 100 chui wato damisa, 200 kifaru wato karkanda, 500 simba, 1,000 ndovu. A Tanzaniya ma zaki yana kan takardar shilin 2,000, karkanda a kan 5,000, giwa a kan 10,000.

Ka kula sosai da bambancin chui da duma, domin baƙi suna yawan haɗa su. Chui ita ce damisarmu, mai kauri, zanenta kamar ƙananan zobba, tana hawa bishiya da abin da ta kama, kuma da dare ta fi yawo. Duma siririya ce mai dogayen ƙafafu da ɗigo-ɗigon baƙi cikakku, da baƙin layi da ya gangaro daga idonta zuwa baki, tana farauta da rana a fili, kuma babu dabbar ƙasa da ta kai ta gudu. Dabbar da za ku je gani a kogin Mara kuwa sunanta nyumbu, mai kai irin na sa, da gemu, da wutsiya irin ta doki. Sun haura miliyan ɗaya, suna haihuwa wajen watan Fabrairu a kudancin Serengeti da yankin Ndutu, sannan su bi ruwan sama da ciyawa zuwa arewa, su riski kogin Mara tsakanin Yuli da Oktoba, tare da punda milia, wato jakin dawa, yayin da mamba, wato kada, yake jiransu a cikin ruwa.

Dangin barewa ana kiran da yawa daga cikinsu swala, sai a bambanta: swala tomi ita ce ƙaramar nan mai baƙin layi a haƙarƙari, swala granti ta fi ta girma kuma ta fi ta haske, swala pala kuma ja ce mai tsalle mai nisa. Kanki shi ne kongoni, gwambaza kuro, gwanki korongo, mafi girmansu duka kuma pofu. Gadu, wato mugun dawa, sunansa ngiri, dila mbweha, kyarkeci mbwa mwitu, beguwa nungunungu, bika, wanda wasu suka fi sani da gwaggon biri, nyani. A tsuntsaye, jimina mbuni ce, zabo kanga, ungulu da gaggafa kuma duk ana iya ce musu tai, tsuntsu kansa ndege ne, kalmar da take nufin jirgin sama ma. Kuka, wadda ta cika Tarangire, mbuyu ce. Jam'in yawancin sunayen nan ba ya sauyawa, sai masu farawa da ki, irin su kiboko da kifaru, waɗanda suke komawa viboko da vifaru. Namiji dume ne, mace jike, ɗa mtoto, garke kundi, don haka "simba jike na watoto wawili" zakanya ce da 'ya'ya biyu.

Abin da ya fi sunayen amfani a cikin mota, a nan na koma bayan Malam, shi ne kalmomin wuri da na motsi. Kushoto hagu, kulia dama, mbele gaba, nyuma baya, juu sama, chini ƙasa, karibu a nan tana nufin kusa, mbali nesa. Idan aka liƙa ni a ƙarshen suna sai ya zama wuri: mti bishiya, mtini a kan bishiya, mto kogi, mtoni a kogi, kichaka kurmi, kichakani a cikin kurmi. "Chui yuko mtini" na nufin damisa tana kan bishiya. Ka riƙe "yuko wapi", yana ina, da "sioni", ban gani ba, da "nimeona", na gani. Ga mai ɗaukar hoto kuwa, "sogea mbele kidogo", matsa gaba kaɗan, da "rudi nyuma kidogo", koma baya kaɗan, da "naomba uzime gari", ina roƙon ka kashe mota, sun fi sunan dabba hamsin amfani.

Akwai wani abu da zai ba ka mamaki. Serengeti, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1951, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 14,750, Masai Mara kuma kimanin 1,510, don haka direbobi suna taimakon juna ta oba-oba, kowa yana faɗin abin da ya gani. Sai ka kasa kunne kana jiran ka ji simba ko chui, amma ba za ka ji ba, domin da yawansu suna sakaya sunayen. Zaki sukan ce masa sharubu, wato gashin baki. Giwa masikio, kunnuwa. Karkanda pembe, ƙaho. Damisa madoadoa ya juu, dabbare-dabbaren sama, duma kuma madoadoa ya chini, na ƙasa. Suna yin haka ne don kada baƙo ya ji an ambaci damisa ya matsa musu da gudu, a je kuma a tarar ta tafi. Idan ka gane zancen, shawarata ita ce ka yi murmushi ka bar direba ya yi aikinsa, domin gudu fiye da ƙa'ida da sauka daga kan hanya laifi ne a gandun ƙasa, kuma shi za a ci tara, aikinsa ne kuma zai shiga haɗari. A kwarin Ngorongoro ne kuka fi sa ran ganin kifaru, amma kada ka nemi twiga a can ƙasan kwarin, ba sa zama a ciki.

Hajiya 'Yar Kasuwa ta amsa:

Sallama gare ku baki ɗaya. Malamai biyu sun yi bayani mai gamsarwa, amma sun bar abin da a wurina ya fi komai rikitar da baƙo, wato agogo. Harkar saye da sayarwa ta sa na saba da Darussalam da Mombasa, kuma na ga yadda wannan abu yake sa mutane saɓa alkawari ba da niyya ba. Masu Suwahili suna fara ƙirga awoyin yini ne daga fitowar rana, saboda ƙasashen suna kusa da tsakiyar duniya, inda rana take fitowa ta kuma faɗi kusan lokaci ɗaya duk shekara. Ƙarfe 7 na safe shi ne awa ta farko, "saa moja asubuhi". Ƙarfe 12 na rana "saa sita mchana" ne, ƙarfe 4 na yamma "saa kumi jioni", ƙarfe 6 na safe kuma, lokacin da ake yawan fita kallon dabbobi, "saa kumi na mbili asubuhi". Bambancin awa 6 ne cif, don haka dabarar ita ce ka dubi lambar da take fuskantar wadda aka faɗa a ɗaya gefen agogo. Malam Matafiyi, duk lokacin da aka yanka maka lokaci da Suwahili, ka maimaita shi kana nuna agogonka, domin wani ma'aikacin masauki yakan fassara lambar kai tsaye zuwa Turanci ba tare da ya juya ta ba, ya ce ƙarfe 1 alhali ƙarfe 7 yake nufi. Ranaku ma ana ƙirga su ne daga Asabar, wadda ita ce Jumamosi, sai Jumapili Lahadi, Jumatatu Litinin, Jumanne Talata, Jumatano Laraba.

Kalma ɗaya da nake son ka riƙe da kyau ita ce "naomba", wato ina roƙo. A Tanzaniya ko abin da za ka biya da kuɗinka ne, da ita ake nema: "naomba maji", "naomba chai", "naomba tusimame", ina roƙon mu tsaya. Wanda ya ce "nipe", ba ni, ko "nataka", ina so, za a ba shi, amma an ji kaushin bakinsa. A ciniki kana buƙatar "bei gani", nawa ne, da "ghali sana", ya yi tsada, da "punguza kidogo", rage kaɗan. Mia ɗari ce, elfu dubu, kuma a Tanzaniya za ka riƙa jin laki, wato 100,000, domin lambobin shilin ɗinsu manya ne.

Tun da da iyali za ka tafi, akwai jimlolin da za su sauƙaƙa maka ibada da abinci. "Naomba kuswali" ina neman in yi salla ke nan, "msikiti uko wapi" masallaci yana ina, "nyama hii ni halali" tambaya ce ko naman halal ne, "sili nyama ya nguruwe" kuma ba na cin naman alade. Ka gaya wa direba lokutan sallarka tun da safe, domin a cikin gandu ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe. A kan alluna, marufuku na nufin an hana, kuma aikatau ɗin da aka liƙa wa usi a gaba umarni ne na hani, kamar "usishuke", kada ka sauka, da "usilishe wanyama", kada ka ciyar da dabbobi. Kada kuma ku zuba kaya a leda, domin Kenya ta hana ta tun 2017, Tanzaniya kuma tun Yunin 2019.

Sannan ka sani cewa mutanen da za ka fi haɗuwa da su a kewayen Ngorongoro da Mara 'yan ƙabilar Masai ne, makiyaya masu harshensu na kansu da ake kira Maa, wanda ba shi da dangantaka da Suwahili, kodayake mafi yawansu suna jin Suwahili. Sunan Mara ma daga harshensu ya fito, yana nufin mai dabbare-dabbare, saboda yadda bishiyoyi suka warwatsu a filin. Idan ka gaishe da namiji da "supa" zai amsa da "ipa", na gode kuma "ashe" ce. Kada ka ɗaga kyamara a kan mutum ko shanunsa sai ka ce "naomba kupiga picha" ya kuma amince.

Matafiyi ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba Malam da Malam Mai Nazarin Dawa da Hajiya, wannan ya wuce abin da na roƙa. Na karɓi shawarar sa gaisuwa da agogo a gaba. Saura tambaya biyu. A ko'ina na duba sai in ga "jambo" da "hakuna matata" a matsayin abin da baƙo zai fara koya, amma babu wanda ya ambace su a cikinku, ko akwai dalili? Sannan Suwahilin da zan koya don Tanzaniya, zai yi mini aiki a Kenya ba tare da sauyi ba?

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Akwai dalili, Malam Matafiyi. "Jambo" ita kaɗai gutsuren hujambo ce, ana yi wa baƙon da aka ɗauka bai san komai ba, kuma masu harshen ba su cika gaisawa da ita a tsakaninsu ba. Idan aka ce maka jambo ka amsa da "sijambo, habari yako", nan take za a gane kana son a yi maka maganar gaske. "Hakuna matata" Suwahili ne daidai, ma'anarta babu matsala, sai dai ta zama ta kasuwar yawon buɗe ido, abin da mutane suka fi faɗa a zancensu na yau da kullum shi ne "hakuna shida" ko "hamna shida". Za ka kuma ji matasa suna cewa "mambo", a amsa da "poa", wannan ta sa'o'i ce, kada yaranka su yi wa babba ita.

Abin da ka koya don Tanzaniya zai yi maka aiki a Kenya ba tare da wata damuwa ba, domin kundin tsarin mulkin Kenya na 2010 ya amince da Suwahili a matsayin harshen ƙasa kuma harshen hukuma tare da Turanci, ana kuma koyar da daidaitaccensa a makarantu. Bambancin shi ne mutanen Kenya na can cikin ƙasa sun fi gajarta magana da gauraya ta da Turanci, matasan Nairobi kuma suna da nasu salon da ake kira Sheng, wanda ba ka buƙatarsa a wannan tafiya. Don kunnenka ya saba kafin ku tashi, BBC da DW da RFI duk suna da sashen Suwahili kamar yadda suke da na Hausa, sai ka saurari labaran duniya da Hausa tukuna, sannan ka saurari na Suwahili na wannan rana, ka ga kalmomi nawa za ka tsinta. Ka riƙe "sielewi", ban gane ba, da "sema tena polepole", sake faɗa a hankali, da "anaitwaje kwa Kiswahili", me ake kiransa da Suwahili, wadda da ita jagoranka zai zama malaminka har ƙarshen tafiya.

Ka kuma tambayi kamfanin naku yadda za ku tsallaka daga Serengeti zuwa Masai Mara, domin ko da yake dajin a haɗe yake, dabbobi ne kawai suke wucewa ta ciki, masu yawon buɗe ido ta mota sai sun zagaya ta kan iyakar Sirari da Isebania, inda galibi ake sauya mota da direba. A can za ka buƙaci kalmar mpaka, wato iyaka, da uhamiaji, ofishin shige da fice, da homa ya manjano, wato cutar shawara, domin ana iya neman katin rigakafinta daga kowane ɗayanku, har da yara.